Ginin Taurari da Zuzuta Motsin Rai a Fina-finai Masu Dogon Zango: Nazarin Ra'ayin Matasan Tarauni

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda matasa a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni ta Kano, suke auna taurarin fina-finai masu dogon zango. An dogara ne ga kallon Daɗin Kowa da Labarina da Izzar So, da kuma sauraron hirarraki a majalisu da shagunan tura fina-finai a waya. Abin da maƙalar ta tsaya a kai shi ne: matasa ba sa ƙin kuka da makirci da tsananin so a fim, abin da suke ƙi shi ne tauraro ya saki halinsa don a ja labari.

Gabatarwa

Tashoshin Hausa ba su ware wani rukunin wasa na 'yan shekara goma sha kaɗai ba, irin wanda ake yi a Amurka. Matashi a Kano yana kallon abin da mahaifiyarsa take kallo, a nan yake neman kansa. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, Daɗin Kowa ya ci lambar yabo ta Africa Magic a 2016, sai harkar ta karkata ga shiri mai fita mako-mako. Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito a 2020. Unguwannin da aka duba suna maƙwabtaka da titin Gidan Zoo, inda ofisoshin 'yan fim da yawa suke, don haka mai kallo a nan ya saba ganin jarumi a kan hanya, kuma ya san cewa mutum ne ya zauna ya rubuta labarin.

Ra'in da aka ɗora aikin a kai

Peter Brooks, a littafinsa na 1976, ya nuna cewa wasan zuzuta motsin rai yana fito da alheri da sharri fili ne yadda ba za su ɓoyu ba. Ien Ang kuma, a nazarinta kan masu kallon shirin Dallas a ƙasar Holan, ta gano cewa mai kallo yana iya yarda labari ƙirƙira ne, amma ya nemi gaskiya a abin da taurari suke ji. Brian Larkin a 1997, da Abdalla Uba Adamu a rubuce-rubucensa, sun bayyana yadda fina-finan Indiya da littattafan soyayya suka shimfiɗa wa wannan salo tabarma a Kano tun kafin zuwan dogon zango.

Abin da masu kallo suke cewa

Kalmomi uku ne suka fi yawo a bakin matasa: “jan labari”, “ƙarya ta yi yawa”, da “an ɓata ta”. Ta ƙarshen ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta. Idan budurwa ta ce an ɓata jaruma, ba wahalar da aka ɗora wa jarumar take nufi ba. Maraici, talauci, sharrin kishiyar uwa, saurayin da aka raba ta da shi, duk ta karɓa, har ta yi hawaye. Ƙorafinta yana farawa ne ranar da yarinyar da aka gina a kan wayo da kamun kai ta yarda da ƙaryar da ko ƙaramin yaro zai gane, saboda kawai marubuci yana buƙatar ƙarin fitowa goma. A ganina wannan hukunci ne na nazari, ko da ba a faɗe shi da kalmomin aji ba, domin daidaiton halin tauraro ake magana a kai.

Labarina ya ba da misali mai kyau. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, muhawarar ba ta tsaya a kan wadda ta fi iya wasa ba. Masu kallo sun riƙa tambaya ko wannan Sumayyar za ta yi abin da waccan za ta yi, wato sun riƙe halin tauraruwar a ka, suna auna kowace sabuwar fitowa da shi.

Izzar So ya kawo matsala ta daban. Tauraronsa, Umar Hashim, mutum ne mai gaskiya, mai haƙuri, mai ilimin addini, kuma iyaye suna yaba shirin saboda tarbiyya. Amma wasu samari suna ganin tauraron da ba ya kuskure ba shi da abin da zai koya wa mai kuskure. Sun fi jin ɗumin gidan Kamaye da Adama a Daɗin Kowa, inda talauci da son kai da ƙauna suke cakuɗe yadda suke a kowane layi na Darmanawa.

Giɓin da ya fi damuna shi ne na matashin kansa. Kusan kullum ana rubuta shi ne a matsayin masoyi, ko ɗan da ya bijire, ko ɗan shaye-shaye. Ba kasafai ake ganin yarinyar da ta zauna jarrabawar JAMB sau biyu ba ta samu gurbi ba, ko yaron da yake tashi daga makaranta ya wuce koyon gyaran waya, ko fargabar ɗalibar Islamiyya kafin sauka. Waɗannan al'amura suna da sosa rai isasshe, ba sai an ƙirƙiro haɗarin mota ko ɓacewar tunani ba.

Wani ɓangare na dalilin yana ga tsarin kasuwa. Shirin da ke rayuwa da talla da yawan masu kallo a YouTube dole ya rufe kowace fitowa da abin ɗaga hankali, ya kuma daɗe muddin ana kallo. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tarbiyya da al'ada take dubawa, ginin tauraro ba huruminta ba ne. Saboda haka furodusan da yake son sanin inda labarinsa ya karye sai dai ya saurari masu kallo, kuma zai rage wa kansa asara idan ya bar marubuci ya san ƙarshen labari kafin a kunna kyamara a zango na farko.