Tsami da Ɗaci a Tarihin Giyar Ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan Turawa, giyar da Maguzawa suka sani ta dawa ce. Akan jiƙa dawar ta tsiro, a niƙa, a dafa, sannan a bar ta ta yi tsami. Burkutu da fito tsami ne ɗanɗanonsu, kuma ba sa jure ajiya.

Ɗaci kuwa tare da giyar kwalba ya shigo. Tushensa furen hop ne, wani tsiro na ƙasashen sanyi wanda dokar Bavariya ta 1516 ta lissafa cikin kayan haɗin giya. Bayan ɗacin, yana hana ta saurin lalacewa, abin da ya sa ta iya yin doguwar tafiya. Kamfanin Nigerian Breweries ya fara sarrafa ta a Legas a 1949, ya buɗe masana'antarsa ta Kaduna a 1963.

Tudun Wadar Zariya, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi 'yan Arewa, tana tsakanin Birni, inda shari'a ta haramta giya, da Sabon Gari, inda a wancan zamani aka yarda da cinikinta.

Da aka hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma ga dawar da masu burkutu suka daɗe da sani. Masana kuma suka gwada shuwaka da namijin goro a madadin hop. A wancan lokacin dai hatsin ya zama na gida, amma ɗacin har yau daga waje ake sayo shi.