Madatsar Hoover: su wa aka ƙirga cikin matattu?

A hukumance, mutum 96 ne suka mutu wajen gina madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, daga 1931 zuwa 1936. Ni dai wannan lissafin bai kwanta min ba. Ku biyo ni.

Na bi hanyar a mota cikin watan Yuli, daga Las Vegas, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Hamadar Mojave ce, duwatsu da ƙaya, babu inuwa. Kana sauke gilashi iska za ta buge ka kamar daga bakin tanda. To a irin wannan watan ne mutane suke fasa dutse a nan a 1931.

Lokacin tattalin arzikin Amurka ya karye. Marasa aiki suka kwararo da mata da yara, suka kafa bukkokin tsumma da kwali a bakin kogin Colorado, wurin da ake kira Ragtown. Zafi yakan haura digiri 48. Cikin wata guda, daga ƙarshen Yuni, zafi kaɗai ya kashe mutum 16, ma'aikata da mazauna wurin. Ba sa cikin 96 ɗin, domin waɗanda hatsarin aiki ya kashe kawai aka ƙirga.

Ga inda abin ya fi ciwo. Kafin a zuba kankare sai da aka karkatar da kogin ta manyan ramuka huɗu da aka huda cikin dutse. Motocin fetur na aiki a ciki, hayaƙi ya turnuƙe. An rubuta ma'aikata 42 sun mutu da ciwon nimoniya. Abokan aikinsu suka ce hayaƙin ne, kamfanin Six Companies na gudun biyan diyya ne kawai. In hatsarin aiki ne iyalinka su samu wani abu, in an rubuta rashin lafiya kuwa, shi ke nan. Kuma a Boulder City, garin da aka gina wa ma'aikatan, ba a rubuta ko mutum ɗaya da ba ma'aikaci ba da nimoniya ta kashe a shekarun ginin. Ku auna da kanku.

Af, labarin da ake yawo da shi wai akwai gawawwaki binne cikin bangon nan mai tsayin mita 221, ba gaskiya ba ne. Kaɗan-kaɗan ake zuba kankaren, bokiti guda bai isa ya rufe mutum ba.