Mubaya'a da Makida: Yadda Kennedy Ya Karɓi Tutar Jam'iyyarsa a 1960

A ranar 2 ga Janairu, 1960, sa'ad da John Kennedy, ɗan Majalisar Dattawan Amurka daga jihar Masacusas, ya bayyana aniyarsa ta neman jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da shi takarar shugabancin ƙasa, dattawan jam'iyyar sun riga sun ƙididdige masa illoli uku waɗanda, a ra'ayinsu, kowace ɗaya daga ciki ta isa ta hana shi kai bantensa. Shekarunsa 42 kacal, alhali ba a taɓa zaɓen mai ƙuruciya irin tasa ba. Mahaifinsa, Joseph Kennedy, attajiri ne wanda ya yi jakadanci a Ingila kuma ya bar aikin ba da kyakkyawan suna ba. Sannan, abin da ya fi waɗannan nauyi, ɗan ɗariƙar Katolika ne a ƙasar da mafi yawan jama'arta 'yan Furotesta ne. Sau ɗaya tak wata babbar jam'iyya ta taɓa gwada tsayar da ɗan Katolika, wato Al Smith, gwamnan Niyok, a 1928, kuma irin kayen da ya sha a hannun Herbert Hoover bai gushe daga zukatan manya ba ko bayan shekara talatin da biyu.

Wajibi ne mai karatu ya san cewa zaɓen fid da gwani na wancan zamani ba shi da ƙarfin da yake da shi a yau, domin kusan sulusin jihohi ne kawai ke gudanar da shi, a wasunsu ma sakamakon ba ya ɗaure wakilai da komai. Galibin wakilan da za su je babban taro suna hannun gwamnoni, da magadan gari na manyan birane, da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda su ne ahlul halli wal aƙdi na jam'iyyar, kuma al'adarsu ita ce su riƙe mubaya'arsu har sai an isa zauren taro, inda za a shiga ɗaki a ƙulle a yi ciniki. A kan wannan al'ada sauran manema suka gina lissafinsu. Lyndon Johnson na Tekzas, jagoran masu rinjaye a Majalisar Dattawa, ya zauna a Washinton yana tara alkawuran 'yan majalisa. Stuart Symington na Mizuri ya dogara ga tsohon shugaban ƙasa Harry Truman, yana fatan ya zama ɗan sulhu idan taro ya cije. Adlai Stevenson kuwa, wanda Eisenhower ya kayar a 1952 da 1956, bai ce yana so ba kuma bai ce ba ya so ba, ya bar almajiransa da Eleanor Roosevelt, matar marigayi Shugaba Franklin Roosevelt, suna yi masa kiranye. Kennedy ya fahimci cewa idan aka bari magana ta kai ɗakin nan a yadda take, to, ba sunansa za a fito da shi ba. Saboda haka sai ya mai da zaɓen fid da gwani wata hanya ta kafa wa manya hujja, ba ta tara wakilai kaɗai ba.

Alamar farko ta irin siyasar da za a yi ta bayyana a Ohayo tun cikin Janairu. Gwamna Michael DiSalle ya so ya je taro da wakilan jiharsa a aljihu, ba tare da ya jingina ga kowa ba, sai 'yan Kennedy suka fahimtar da shi, ba da lafazi mai taushi ba, cewa in bai miƙa wuya ba za su shigo jihar su yi takara da shi, su kuma haɗa kai da abokan hamayyarsa na cikin gida. Gwamna ya duba maslaharsa ya yi mubaya'a. Jaridu sun buga labarin a matsayin goyon baya, kuma goyon bayan ne, sai dai ba na ƙauna ba.

Mutum ɗaya ne daga cikin manyan manema ya yarda ya fito fili a gwabza, shi ne Hubert Humphrey na Minesota, ɗan mai kantin magani, mutum mai fasaha da yawan zance, wanda ya yi suna tun 1948 da kare haƙƙin baƙaƙen fata. Suka haɗu a Wiskonsin, maƙwabciyar jiharsa. Kennedy yana yawo da jirgin sama na gidansu mai suna Caroline, 'yan'uwansa mata suna shirya liyafar shayi gari-gari, shi kuma yana tsayawa a ƙofar masana'antu da asubar fari cikin sanyi yana musafaha da ma'aikata. Humphrey yana biye a cikin bas, har ya kamanta kansa da mai ɗan tireda da ke gasa da babban kamfani mai rassa. Ranar 5 ga Afrilu Kennedy ya sami kashi 56 cikin 100, ya ci mazaɓu shida daga cikin goma, amma da aka tsefe ƙuri'un sai aka ga rinjayensa ya taru ne a yankunan Katolika, ya kuma faɗi a yankunan Furotesta. Nasarar ta ƙarfafa shubuhar da aka so ta kawar. Humphrey ya ɗauki wannan a matsayin izinin ci gaba, ya nufi Bajiniya ta Yamma, kuma a nan, ga wanda ya yi tadabburi, ya yi wa abokin hamayyarsa alherin da bai yi niyya ba, domin da ya janye a Wiskonsin da Kennedy bai sami wanda zai kayar a ƙasar Furotesta ba.

Bajiniya ta Yamma jiha ce ta duwatsu da ramukan kwal, wadda 'yan Katolika ba su kai kashi 5 cikin 100 na jama'arta ba, kuma a lokacin injuna sun raba dubban mahaƙa da aikinsu, har iyalai da yawa sun koma rayuwa a kan abincin agaji na gwamnati. A watan Disamba na 1959 mai auna ra'ayin jama'a da Kennedy ya ɗauka, Louis Harris, ya ba shi albishir cewa yana da 70, Humphrey yana da 30. Bayan Wiskonsin, da jaridu suka yi ta nanata addininsa, aka sake aunawa sai ga Humphrey da 60, Kennedy da 40. Da aka nemi dalili, amsar da mutanen jihar suka bayar ba ta da tsawo: a da ba a san ɗan Katolika ba ne.

Humphrey ma ya sami masu mara masa baya, amma irin waɗanda gara babu su. Sanata Robert Byrd, ɗan jihar, wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan a ƙuruciyarsa, bai ɓoye cewa Johnson yake so ba, ya kuma kira duk mai son Johnson ko Symington ko Stevenson da ya jefa wa Humphrey ƙuri'a don a tare Kennedy. Wannan ya ba 'yan Kennedy damar cewa taron dangi ake yi wa ɗan takararsu, kuma Humphrey, wanda kowa ya san manya ba za su tsayar da shi ba, karen farautar wasu ne kurum.

Shi kuwa Kennedy sai ya nemo tazkiyar da babu kamarta a wannan jiha, ta mutumin da ya rasu shekara goma sha biyar kafin nan. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda a zamaninsa aka ba mahaƙa 'yancin kafa ƙungiya aka kuma ciyar da su cikin matsin tattalin arziki na shekarun 1930, yana da matsayi a zukatansu har hotonsa na rataye a ɗakuna da yawa. Aka kawo ɗansa, Franklin Roosevelt ƙarami, mai sunan uba da kamannin uba da muryar uba, ya riƙa shiga ƙauyuka yana shaida cewa Kennedy ne magajin wancan tafarki. Aka kuma rubuta dubban wasiƙu da sa hannunsa aka kai su Hyde Park, garin Roosevelt a jihar Niyok, domin a saka su a gidan waya na can, ta yadda mahaƙin kwal da ya karɓi ambulan zai fara ganin hatimin garin kafin ya buɗe. Wanda ya tsara wannan ya san mutane. Abin lura shi ne, mahaifiyar wannan ɗa, Eleanor, wadda ta fi kowa haƙƙin magana da sunan mijinta, ba ta tare da Kennedy, tana zarginsa da yin shiru a zamanin fitinar Sanata Joseph McCarthy, tana kuma ƙyamar dukiyar mahaifinsa. Amma ita tana Niyok, ɗan kuwa yana bakin ramin kwal.

Ba a tsaya ga tabarruki da suna ba. Roosevelt ƙarami ya fito ya yi shaguɓe cewa Humphrey ya zame wa aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali mutumin ya nemi shiga, likitocin soja ne suka mayar da shi saboda larurar jiki. A jihar da take alfahari da 'ya'yanta da suka mutu a fagen fama, kuma ana gwada shi da Kennedy wanda labarin jirgin ruwansa na yaƙi, PT-109, ya cika ƙasa tun 1943, wannan ƙazafi ya yi tasiri. Kennedy ya nesanta kansa da maganar bayan ta gama aikinta, Roosevelt ya nemi afuwa bayan an gama zaɓe, kuma a 1963 aka naɗa shi mataimakin sakataren ciniki. Wannan shi ne tabon da masu yabon Kennedy suka fi son wucewa da sauri, kuma bai kamata a wuce shi ba.

Game da addini kuwa, mashawartansa sun rabu, wasu na ganin a kauce wa zancen, shi kuma ya zaɓi ya tare shi gaba da gaba. Ya riƙa tunatar da taro cewa babu wanda ya tambaye shi ɗariƙarsa ranar da ya shiga sojan ruwa, babu kuma wanda ya tambayi wansa Joseph kafin ya hau jirgin da ya mutu a cikinsa a 1944. Daren Lahadi, 8 ga Mayu, ya zauna a talabijin, Roosevelt na yi masa tambayoyi, ya yi bayani cewa shugaban ƙasa yana rantsuwa ne da littafi mai tsarki a kan zai kiyaye tsarin mulki, wanda ya raba coci da hukuma, kuma wanda ya karya wannan rantsuwa ya yi laifi ga ƙasa ya kuma yi zunubi ga Ubangiji. Ba Fafaroma ne zai yi masa umarni ba. Hikimar wannan mataki ita ce ya juya mas'alar: aka daina tambayar ko Kennedy ya cancanta, aka koma tambayar ko mutanen jihar masu ta'assubanci ne, kuma hanya ɗaya ce ta rage wa mai son wanke kansa. Humphrey, wanda bai taɓa sukar addinin kowa ba, ya rasa ta inda zai ɓullo.

Saura zancen kuɗi, wanda har yau ba a gama shi ba. Takardar ƙuri'a a jihar tana da tsawo ƙwarai, da sunayen masu neman muƙaman gunduma barkatai, saboda haka shugaban 'yan sandan gunduma ko wani uban tafiya yakan buga ɗan kati mai ɗauke da sunayen waɗanda ya amince da su, a raba wa masu zaɓe a bakin rumfa, kuma ɗan takarar da ke son sunansa ya hau katin sai ya ba da gudummawar motoci da ma'aikata da abin da ba a faɗa. Raymond Chafin, jigon jam'iyya a gundumar Logan, ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa cewa da aka tambaye shi abin da yake bukata ya ce talatin da biyar, yana nufin dala 3,500, sai aka kawo masa dala 35,000. A ɗaya ɓangaren, Humphrey ya rubuta cak na dala 750 daga asusunsa na gida don ya sayi rabin sa'a a talabijin. Kennedy da kansa ya riga kowa yin ba'a da wannan zargi, domin tun 1958 ya karanta wa 'yan jarida wata wayar tangarahu ta raha, wai daga mahaifinsa, tana gargaɗinsa kada ya sayi ƙuri'a ko ɗaya fiye da bukata. Kuɗi sun yi aiki, babu shakka. Amma ban ga yadda katin gunduma kaɗai zai haifar da tazarar da aka samu ba.

Ranar 10 ga Mayu Kennedy ya sami kusan kashi 61 cikin 100, ya ci mafi yawan gundumomin jihar 55, kuma a daren Humphrey ya janye. Wakilan jihar ba su da yawa, sakamakon ma bai ɗaure su ba, har ba dukkansu suka zaɓe shi a babban taro ba. Amma ba su ake nema ba. Gwamna David Lawrence na Fensilbeniya, ɗan Katolika wanda ya fi kowa tsoron a maimaita abin da ya sami Al Smith, da Richard Daley, magajin garin Shikago, su ne aka yi wa wannan karatu, kuma dab da taro duka biyun suka kawo mafi yawan wakilansu. Truman ya yi yunƙuri na ƙarshe ranar 2 ga Yuli, ya ajiye kujerarsa ta wakili yana cewa an riga an shirya taron, ya kuma tambayi Kennedy a bainar jama'a ko ya tabbata ya isa. Johnson ya bayyana takararsa ranar 5 ga wata, mutanensa suna yaɗa cewa Kennedy na fama da cutar Addison, sai ya tarar alkawuran 'yan majalisar da ya tara ba su da wakilai a bayansu, domin wakilai na gwamnoni ne. A babban taro a Los Anjalis, ranar 13 ga Yuli, ana bukatar ƙuri'a 761, Kennedy ya tashi da 806 a zagayen farko, Johnson da 409, kuma washegari ya ɗauki Johnson mataimaki.

Mutanen duwatsun ba su tashi a banza ba, domin umarnin farko da Kennedy ya sa wa hannu bayan ya zama shugaban ƙasa, ranar 21 ga Janairu, 1961, na ƙara abincin agaji ne, kuma a gundumar McDowell aka fara raba takardun sayen abinci cikin Mayu na wannan shekara. Humphrey kuwa ya koyi darasin ta ɗaya fuskar. A 1968, yana mataimakin Shugaba Johnson, ya karɓi tutar jam'iyyar a Shikago ba tare da ya shiga zaɓen fid da gwani ko ɗaya ba, da mubaya'ar gwamnoni da ƙungiyoyin ƙwadago da magadan gari, 'yan sandan Daley suna dukan masu zanga-zanga a kan titi, sannan Richard Nixon ya kayar da shi a watan Nuwamba. Fushin da wannan ya haifar ya sa jam'iyyar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata George McGovern, wanda ya sake dokoki ya mayar da zaɓen wakilai hannun masu ƙuri'a. Da Humphrey ya sake fitowa a 1972 a ƙarƙashin sababbin dokokin, McGovern ɗin ne ya kayar da shi.