Daga tukunya zuwa kiret: yadda lissafin abin sha ya sauya a bikin Illo

1/ Jama'a, a bikin ƙanwata a Illo ni aka ɗora wa lissafin abin sha. Na kintata mutum 200, na sayo kiret 9 na lemo da jaka 20 ta fiya wata. Kafin la'asar komai ya ƙare ƙaf, ga danginmu na Benin suna ta sauka daga babura. Kunya kamar in nutse.

2/ Kakata ta kwashe da dariya: "Angona, dama ana ƙirga baƙi? Mu tukunya muke ƙirgawa." Maganar nan ce ta sa na bi diddigin tarihin abin.

3/ Illo tsohon gari ne na ƙasar Bargu, kuma zangon fatake. A ƙarni na 19, ayarin goro daga Kano da Sakkwato kan ƙetare Kwara a wannan yanki, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a Gwanja. Garin da ya saba da saukar ayari bai saba tambayar "ku nawa ne?" ba.

4/ Abin da ake ƙirgawa a biki shi ne goro: ƙwarya ɗaya, goro 100. Abin sha kuwa, kunu da fura, da mudun gero ake auna shi. Maƙwabta su kawo gudummawa. In baƙi sun ƙaru, a ƙara ruwa da tsamiya, ludayi ya ci gaba da zagayawa.

5/ To daga ina waɗannan baƙi nawa suka fito? Ran 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka shata iyaka, ta faɗo Kwara mil 10 sama da Giris, mashigar jiragen ruwan Illo. Illo ta faɗa hannun Ingila, dangi da dama suka koma hannun Faransa. An raba haraji, ba a raba zumunci ba. Har gobe in an buga ganga a nan, can ma an ji.

6/ Barasar Turai ba ta samu shiga lissafin ba. Bisa yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawan mulki sun hana sayar wa mutanen Arewa ita, sannan Kebbi ta ƙaddamar da shari'a a 2000.

7/ Lemo ne ya juya komai. An kafa kamfanin da ke yin Coca-Cola a Najeriya a 1951, fiya wata kuma ya bazu a shekarun 1990. Kiret kwalba 24 ne, jaka leda 20. Kwalba ba a ƙara mata ruwa. Mutum na 25 sai ya zauna hannu rabbana, kowa yana ganinsa.

8/ Ranar nan zoɓo ne ya rufa min asiri. Gwaggona ta riga ta dafa bokiti uku ba da sanina ba. Bokiti mai lita 20 yana ba da kofi 40 na rabin lita, wato mutum 120 ke nan.

9/ Yanzu lissafina biyu ne: kwalba don waɗanda na gayyata, tukunya don waɗanda Allah ya kawo. Ku a garinku, wa ke cika giɓin in lemo ya ƙare?