Allura, Sanfefa da Gishiri: Tarihin Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Yaƙin Teku

Idan aka ajiye ƙaramin samfurin jirgin Phantom a teburin gasa, da tambarin sojan ruwan Amurka a jikinsa, tsohon hannu a harkar nan tocila yake fara ɗauka ya haska kujerar baya. In ya ga sandar tuƙi a wurin, shi ke nan, ya san mai aikin bai yi bincike ba. Phantom na sojan sama ana iya tuƙa shi daga gaba ko daga baya. Na sojan ruwa kuwa, mutumin baya rada kawai yake kula da ita, ba a ba shi sanda ba. Kamfanoni sun daɗe suna fitar da nau'o'in biyu daga mazubi ɗaya don kada su kashe kuɗi sau biyu, su bar mai saye da reza a hannu. Irin wannan gyara shi ya raini yawancinmu. Duk wata gwaninta da muke taƙama da ita, in ka bi salsalarta, kuskuren wani kamfani ne ya haife ta.

Ma'aunin da muka fi amfani da shi ya girmi robar kanta. A 1932 wani matashi ɗan Ingila, James Hay Stevens, ya tsara ƙananan jiragen katako da aka sayar da sunan Skybirds a kan ma'aunin 1/72, wato inci ɗaya a madadin ƙafa shida. Kamfanin Frog ya ɗauki ma'aunin a 1936 da ya fitar da jerin Penguin, farkon jiragen roba da ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa. Amma wanda ya cusa lambar nan a kan yara bila adadin, sojan ruwan Amurka ne. A 1942 ya nemi 'yan makaranta su sassaƙa jirage 500,000 na katako, a shafe su da baƙin fenti, don a koya wa masu harbi bambance jirgin gida da na abokan gaba. Lissafin ba wuya: samfurin da ke nesa da kai ƙafa 35, a ido daidai yake da jirgin gaske da ke kusan rabin mil.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba mai arha ta samu. Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, kum ɗin taje kai yake yi kafin a farkon shekarun 1950 ya shiga sayar da ƙananan jirage cikin 'yar leda a shagunan Woolworths, kowanne fataka. A Amurka kuma Revell da Aurora da Lindberg da Monogram suka cika kasuwa. Lokacin ya zo daidai da shekarun da sojan ruwan Amurka ke ta lalube a kan jet: Panther, Banshee, Cougar, Cutlass, Skyray, Demon, Tiger, Crusader, duk a cikin shekara goma ko ɗan fi. Kafin kamfani ya gama sassaƙa mazubin ƙarfe daga hotunan jirgin gwaji, na gaske ya sake hanci ko wutsiya. Ga shi ba ruwansu da ma'auni. Kwali ake fara yankewa, sannan a rage jirgin ya shiga ciki, sai ka ga Cougar kusan 1/50, Cutlass kusan 1/60, ba dama ka jera su a kanta ɗaya su yi ma'ana. Ƙusoshin da aka zuba a jikinsu, da za a mayar da su girman gaske, kowace sai ta kai dunƙulen hannu. Wasu har tauraron tutar da lambobin jirgin suka fito da su ɓaro-ɓaro a jikin robar, wai don yaro ya san inda zai manna sitika.

Yaran suka girma, ba su daina ba, suka fara jin kunyar abin da ke cikin kwalin. Mujallar Airfix ta fara fitowa a 1960, kuma a shafukanta ne Alan W. Hall ya koya wa mutane yanka jirgi gida biyu, a cusa guntun katakon balsa, a fere shi, a shafe shi da hodar jarirai da aka kwaɓa da banish ɗin jirage har ƙwayar katakon ta ɓace. A 1963 aka kafa ƙungiyar masu haɗa samfura ta IPMS a Birtaniya, wadda babban taronta yanzu ake yi kowane Nuwamba a Telford. Da gasa ta shigo, alƙalai suka shigo da tocila, da su kuma waɗanda muke wa laƙabi da masu ƙidayar ƙusa. Ana yi musu dariya, amma duk wanda ya taɓa sayen samfuri mai kyau ya ci albarkacin mitarsu.

Babu jirgin da ya ba masu gyara aiki kamar Phantom. An ƙera guda 5,195, kuma wanda bai sani ba zai ce duk ɗaya ne. Nau'in F-4B tayoyinsa sirara ne, faɗin inci 7.7, don haka saman fiffikensa a shafe yake. Da aka zo F-4J aka sa taya mai faɗin inci 11.5, dole aka yi wa fiffiken ɗan tozo sama da ƙasa don tayar ta samu wurin kwanciya. Shekara da shekaru, mai son B a ma'aunin da babu shi sai ya sayi J, ya cika bayan tozon da fila daga ciki don kada ya huje, ya bi shi da magagari da sanfefa har ya kwanta, ya rage tsawon bututun wutar injin, ya ƙara ɗan ƙullutun na'urar gano zafi a ƙarƙashin hanci. Na Birtaniya ya fi wahala. Injin Spey na Rolls-Royce da aka sa masa ya fi na Amurka kauri, sai aka faɗaɗa kafofin shaƙar iska, bayan jirgin ya yi ciki. Ƙafarsa ta gaba tana miƙewa har inci 40 don ya tashi daga ɗan gajeren doron jirgin ruwan Ark Royal hancinsa a sama, kuma hancin kansa naɗewa yake gefe don jirgin ya shiga lif. Canja sitika ba ya mayar da Phantom ɗin Amurka ya zama na runduna ta 892 ta Birtaniya. Kamfanin Matchbox ya gwada a shekarun 1970, amma sai da Fujimi ya fitar da nasa a shekarun 1980 mutane suka ajiye zarto.

Sai rigimar layuka, wadda ta raba zamani biyu. Jikin jirgi faranti-faranti ne, kuma tsofaffin samfura suna nuna mahaɗar farantan da siririn layi mai tudu. Dalilin na maƙera ne: ka ja tsaga a cikin mazubin ƙarfe, ta fito da tudu a jikin roba, aiki mai sauƙi. Layin da ya nutse ciki kuwa sai an bar siririn tudu a jikin ƙarfen an cinye duk abin da ke kewaye da shi. Matsalar mai tudu ita ce, da ka manne ɓari biyu na gangar jirgin ka goge mahaɗar da sanfefa, layukan wurin sun tafi. Daga nan muka koyi sake zane. Za ka goge jirgin tas, ka yanko tef ɗin Dymo mai kauri, irin na buga suna a jikin kaya, ka manna shi daidai inda layin yake a da, ka ɗaure allurar ɗinki a 'yar mariƙa, ka ja ta a gefen tef ɗin ba tare da dannawa ba. Jan farko ko alama da ƙyar yake bari. Sai a na uku ko na huɗu siririn zaren roba zai fara murɗowa. Hannun wanzami mai tsaga ake so, don in allurar ta kuɓuce sau ɗaya ta bar tabo a tsakiyar fiffike, sai an cike an sake. A ƙarshe ka bi kowane layi da tsohon burushin haƙori, sannan ɗigon gam mai ruwa ya narkar da gefen ya yi sumul. Jirgin Tomcat ɗin Monogram na 1/48, na farkon shekarun 1980, yana cinye makonni a wannan aiki kaɗai. Mutane sun yi ta yi, domin mazaunin matuƙinsa da sifarsa sun cancanci wahalar.

Waɗanda suka kawo ƙarshen tudu 'yan Japan ne, kuma kusan dukansu daga yanki ɗaya, Shizuoka, garin masu aikin katako tun asali. Tamiya kansa injin tsaga katako ne da Yoshio Tamiya ya kafa a 1946. A shekarun 1980 Hasegawa da Fujimi suka mayar da layi mai nutsewa abin da kowa ke tsammani a kwali. Fim ɗin Top Gun ya fito a 1986, kowane yaro ya ce sai Tomcat. Wanda Hasegawa ya fitar a 1/48 a ƙarshen shekarun ya riƙe kambu kusan shekara talatin, duk da cewa haɗa shi azaba ne. Gaban jirgin da bayansa ba sa son haɗuwa, kafofin iska kuma sai lallashi da matsewa da fila. Kwalaye da yawa an buɗe su, an fara, an mayar saman kabad.

A gefe kuma wata kasuwa ta tsiro, ta masu sayar da gyara. François Verlinden a Beljiyam ya shahara da sassan rezin, wani ruwa da ake zubawa a mazubi mai laushi ya daskare, wanda ke ɗaukar ƙananan bayanai fiye da roba. Kamfanin Eduard, da aka kafa a 1989 a inda yanzu ake kira ƙasar Cek, ya zo da siraran farantan tagulla da sinadari ya ci, har bel ɗin kujera da madubin matuƙi. Abin da a da sai ka ja sandar roba a kan kyandir ta zama zare ka ƙera, yanzu yana cikin 'yar leda. Ba wuya kayan gyara su ninka kuɗin samfurin, kuma rabinsu in aka rufe gangar jirgin ba mai sake ganinsu sai Allah.

A 2016 Tamiya ya fitar da Tomcat ɗinsa na 1/48, tsawonsa kusan santimita 40. Sassan suna shiga juna ba gardama, mahaɗarsu tana faɗawa daidai kan layukan jirgin gaske, fukafukan biyu suna buɗewa tare. A 2021 ya ƙara da F-4B mai siririn fiffike tun daga kwali. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma rabin abin da muka iya ya tashi daga aiki tun daga nan.

Gwanintar sai ta koma kan fenti, kuma nan ne jirgin teku ya fi kowane jirgi daɗin aiki. Har 1955 jiragen sojan ruwan Amurka shuɗi ne mai duhu da sheƙi. Daga nan aka koma ruwan toka mai haske a sama, fari a ƙasa, da wutsiyoyi masu ado: ƙoƙon kai da ƙasusuwa na runduna ta VF-84, rana mai faɗuwa ta VF-111. A farkon shekarun 1980 aka share adon, aka koma toka-toka kala biyu ko uku marasa sheƙi. Masu samfura suka yi ta ƙorafi, kafin su gane abin da aka ba su. Fenti marar sheƙi yana shan datti. Jirgin da ya yi wata shida a teku yana dawowa da sawun takalman makanikai a doronsa, da zirin man birki da na inji a cikinsa, da dabbare-dabbaren sabon fenti duk inda masu yaƙi da tsatsa suka kankare suka fesa abin da ya samu a gwangwani. Don kwaikwayon wannan, wasu kan jiƙa samfurin da ruwa, su barbaɗa gishirin girki, in ya bushe su yi masa feshi sama-sama da toka mai ɗan haske, sannan su kakkaɓe gishirin. Abin da ya rage tabo ne marasa tsari da hannu ba ya iya zanawa.

A nan nake rabuwa da yayin yanzu. An kai ga kowane layi sai an cika shi da baƙi, kowane faranti an duhunta gefensa, har jirgi ya koma dara. Masu yin haka samfuran juna suke kallo, sun daina kallon hoto. Jirgin da lambarsa ta ƙare da sifiri biyu, irin 100 ko 200, na kwamanda ne, ana wanke shi ana lallaɓa shi, bai kamata ya fito kamar an tono shi daga rami ba. Tomcat nau'in A kuma, in yana ajiye, sau da yawa bututun wutarsa ɗaya a buɗe yake ɗaya a tsuke, saboda yadda ake kashe injinan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya lura da wannan ya fi burge ni a kan mai kwalaben datti goma. Ko gidan tarihi ba a cika dogara da shi ba. Bayan an sallami Tomcat daga aiki a 2006, an daddatse da yawa don kada kayan gyaransu su kai Iran, waɗanda suka tsira kuma an cire musu abubuwa, an sake musu fenti fes.

Mu da ke yin abin nan a ƙasar Hausa, da yawanmu da jirgin karan dawa muka fara, kuma har yau dabara ce ke riƙe da mu. Kuɗin aiko kwali daga waje kan fi na abin da ke ciki. Fentin da ke kama wuta ba a yarda a ɗauko shi ta jirgin sama, don haka wajen masu fentin mota muke zuwa da hoton launi a waya, a haɗa mana toka a 'yar kwalba, mu sassauta tina don kada ta ci robar. Da hunturu ba mai feshi sai ya tanadi kwalin da zai kife a kan aikin nan take, in ba haka ba ƙura ta riga shi. Da bazara kuma fentin kan bushe a iska kafin ya sauka, ya bar jikin jirgi da kaushi.

Yanzu na'urar ɗab'i ta 3D tana fitar da ƙafar taya da wayoyin birkinta a jiki, kamfanoni kuma suna auna jirgin gaske da hasken leza kafin su taɓa ƙarfe. Tsofaffin mazubai dai ba sa mutuwa da wuri. Da Frog ya rufe a 1976, yawancin nasa Tarayyar Sobiyet aka kai su, suka ci gaba da fitar da jiragen Birtaniya da sunan Novo. Da uwar kamfanin Revell ta karye a Amurka a 2018, kamfanin Atlantis ya saye tsofaffin mazuban Revell da Monogram da Aurora masu yawa, ya shiga sake zuba jiragen shekarun 1950 da ƙusoshinsu da ma'auninsu na kwali, ba tare da ya gyara komai ba.