Ƙunzugun ƙyalle ga jariri: abin da ya kamata a sani kafin a fara

Ƙunzugun ƙyalle wani yanki ne na yadin auduga da ake ɗaura wa jariri don tare fitsari da kashi, a wanke shi, a sake amfani da shi. Da shi iyayenmu suka reni ƴaƴansu kafin zuwan ƙunzugun kanti, wanda ake kira "kush" ko "famfas". A Yamai, tsadar kush ta sa iyalai da dama suna waiwayarsa, domin sabon jariri yana bukatar canji sau 8 zuwa 12 a rana.

Kayan farawa

Ana bukatar ƙyallaye kamar 20 zuwa 24, kowane mai faɗin santimita 70 a kowane gefe. Auduga zalla ta fi dacewa: tana shan ruwa, tana barin iska ta shiga. Ana samun yadin a Babbar Kasuwa ko kasuwar Wadata, tela ya yanka ya daje bakinsa. Tsohon zanen auduga da ya yi laushi ma yana yi. A haɗa da wandon roba 3 ko 4, bokiti mai murfi da sabulun wanki. Sabon yadi a wanke shi sau biyu ko uku tukuna, don sai ya sha wanki yake riƙe ruwa.

Ɗaurawa

A naɗe ƙyallen ya yi kusurwa uku, a ƙara kauri a tsakiya. Kada a matse: yatsu biyu su iya shiga ta ƙugu. Kafin cibiya ta faɗi, a bar bakin ƙunzugun a ƙasa da ita don ta bushe.

Wanki

A nan ne aikin yake. Kashin jariri na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa kamar na babba, saboda haka a zuba shi a masai, ba a tsakar gida ko kwata ba. A ɗauraye ƙyallen, a wanke shi da sabulu a ranar, a sake ɗaurayewa har kumfa ta ƙare, don ragowar sabulu na cin fatar yaro. A shanya a kan igiya cikin rana. Da damina kada a shanya a ƙasa, kuma a goge da dutsen guga, saboda wani ƙuda da ke yin ƙwai a tufafi masu laima. Bayan kowane canji, a wanke hannu da sabulu.

Gidan da ke sayen ruwa wajen ƴan garuwa ya lissafa kuɗin ruwa da sabulu kafin ya yanke shawara. Wasu uwaye kan yi amfani da ƙyalle a gida, kush kuma da dare ko ranar unguwa.

Zafi da lafiyar fata

A watannin Afirilu da Mayu zafin Yamai kan wuce digiri 40, wandon roba kuma yana riƙe gumi. A canza ƙunzugu da zarar ya jiƙe, a bar yaro ya sha iska, a shafa masa man kaɗe kaɗan. Idan jan fatar ya wuce kwana uku, ko ƙuraje suka fashe, ko zazzaɓi ya biyo baya, a kai shi asibitin unguwa. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta.