Wa Aka Biya Fansar? Waiwaye Kan Yadda Kiristoci Suka Fahimci Gicciye

Manyan tarukan Ikkilisiya na farko, irin na Nikiya a 325 da na Kalsidon a 451, sun yi ta kai ruwa rana kan ko wane ne Yesu Almasihu. Amma babu taron da ya yanke hukunci kan yadda mutuwarsa take ceton ɗan Adam. Bishara ta Markus ta kira mutuwar fansa, ba ta kuwa faɗi wanda aka miƙa wa fansar ba. Wannan giɓi shi malamai suka yi ta cikewa, kowa da ma'aunin zamaninsa.

Orijen na Iskandariya, a ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya, tunda shi ke riƙe da mutane a bauta. Giregori na Nisa ya ƙara wa maganar gishiri a ƙarni na 4: jikin Almasihu tana ce a bakin ƙugiya, allahntakarsa kuma ita ce ƙugiyar, Shaiɗan ya haɗiye ya maƙale. Takwaransa Giregori na Naziyanzus bai lamunta ba. Ina dalilin biyan ɗan fashi ladan fashinsa? Duk da haka wannan fahimta ta daɗe tana tashe.

Wanda ya kawar da Shaiɗan daga cinikin shi ne Ansalm, babban bishop na Kantabari a Ingila, a littafin da ya kammala a 1098 kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Ansalm ya rayu a duniyar sarakuna da barori, inda nauyin laifi ke bin girman wanda aka yi wa. Marin tsara daban, marin sarki a fadarsa daban. Zunubi, in ji shi, tauye girman Allah ne, diyyarsa kuwa ta fi ƙarfin duk halitta. Mutum ne ake bi bashin amma ba shi da abin biya. Allah ne mai abin biya amma ba a bin sa komai. Sai dai wanda yake Allah kuma mutum. Hujjar ta tsaru, ko wanda bai yarda da ita ba zai sara mata. Sai dai karanta ta kamar zama ne a ɗakin shari'a, ƙauna ba ta cika fitowa fili ba.

Abin da ya dami Bitrus Abelar na Faransa ke nan. Shi a ganinsa gicciye nunin ƙauna ne da ke narkar da zuciya har ta tuba. Wani malami, Bana na Kilabo, ya yi masa ca, taron Ikkilisiya na Sans kuma ya la'anci koyarwarsa.

Da gyaran Ikkilisiya ya zo a ƙarni na 16, Jon Kalbin, wanda lauya ne tun asali, ya mai da diyyar Ansalm hukunci: Almasihu ya tsaya a gurbin mai laifi ya sha horon da ya cancance shi. Wannan ce fahimtar da akasarin mishan na Furotesta suka iso da ita ƙasar Hausa, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma ita aka fi ji a wa'azin majami'u da yawa.

Daga ƙarni na 20 tambayar ta sauya. Yurgen Moltman, sojan Jamus da ya tsira daga ruwan bama-baman Hambog a 1943 ya kuma yi zaman fursunan yaƙi, ya rubuta a 1972 cewa a kan gicciye Allah kansa ya shiga wahala tare da masu wahala. Jems Kon, baƙar fatar Amurka, ya jera gicciye da itatuwan da ake rataye baƙaƙe a kudancin ƙasarsa, a littafinsa na 2011. Mata masana tauhidi kuma suka ja kunne: kada a ce wa matar da miji ke jibga ta ɗauki gicciyenta ta yi shiru. A nan gaskiyarsu ce.

Gardamar ba ta mutu ba. A 2013 kwamitin littafin waƙoƙi na cocin Firesbiteriyan ta Amurka ya ajiye wata shahararriyar waƙa, saboda marubutanta sun ƙi a sauya baitin da ke maganar huce fushin Allah a kan gicciye.